Minti Casa'in a Kan Tankin Ruwa

Ranar Talata abin ya fara, ana tsakiyar damina. Tun asuba ake ruwa, irin yayyafin nan da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya hana mutum fita. Ogana ya bugo waya ya ce yau ba aiki, don ba mai hankalin da zai hau jiƙaƙƙen kwano ya ɗaura dish. Shi ya sa ina gida lokacin da Koci ya yi sallama, ya jingine lemarsa a bakin ƙofa, ya ce wurin Baba ya zo.

Koci shi ne mai horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Shekara tara ina buga masa, bai taɓa tako gidanmu ba sai ranar. Da na ji muryarsa gabana ya faɗi, na ɗauka ƙarata ya kawo, don sati biyu ke nan ban leƙa atisaye ba. Ashe ko tunawa da ni bai yi ba. Zancen Auta ya kawo.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara huɗu. A falo muka zauna duka. Falonmu ba wani girma gare shi ba: keken ɗinkin Baba a kusurwa, kujeru uku, ɗaya ta lotsa a tsakiya, sai talabijin da ni na kafa a bango da hannuna, haɗe da sifiku biyu da wani kwastoma ya yar na tsinta na gyara. Baba ya tsayar da keke, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Umma ta tsaya a ƙofar kicin. Auta ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai, kamar wanda aka kawo shari'arsa.

Koci ya ce wani tsohon ɗan wasansa da ke ƙasar waje ne ya turo saƙo. Akwai wata kwaleji can da ke neman ɗan tsakiya, mai lamba shida. In sun ɗauki yaro, karatu kyauta, ɗaki kyauta, abinci kyauta, shi kuma ya buga musu ƙwallo ya riƙe karatunsa. Abu uku suke so: sakamakon gama sakandare, wata jarrabawar Turanci, sai bidiyon wasa guda cikakke, minti casa'in, ba yanka, ba kiɗa, ba gyara.

Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Umma ta fara hamdala a hankali. Ni kuma ina tsaye jikin taga, ina kallon ruwa na gangarowa daga indararo.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne a filin nan. Lamba bakwai nake sawa, kuma Guguwa ake ce mini. In na karɓi ƙwallo a gefen layi har masu shaguna sukan fito su tsaya. Na taɓa yanke mutum uku na zaunar da gola a ƙasa, aka yi wata guda ana zancen. Auta kuwa ba a taɓa tafa masa ba. Ba shi da gudu, ba ya yanka, ba ya cin ƙwallo. Tun yana ɗan shekara takwas ni nake ja shi bayan gida, in dasa duwatsu in ce masa tunda Allah bai ba shi ƙafa ba, to ya riƙa isa wurin kafin ƙwallo ta iso. Ya riƙe wannan maganar kamar karatu. Duk abin da yake yi a fili, daga bakina ya fito.

Bambancinmu ɗaya ne, shi yana iya zama, ni ba na iyawa. Saura shekara ɗaya da rabi in gama sakandare na daina zuwa. Ba kora ta aka yi ba. Kujerar ce ta ishe ni, da agogon bango da ba ya tafiya. Na zauna shagon Baba wata biyu, na yi garejin kanikawa wata biyar, na yi wankin mota, na yi sayar da caja da murfin waya. A ɗaurin dish da sola ne kawai na daɗe, don kullum sabon rufi ne, kuma a sama ba mai ce maka zauna. A can saman ne ma na koyi wata ɗabi'a, in ina aiki ni kaɗai sai in yi ta magana da kaina. Oga yakan ɗaga kai daga ƙasa ya ce rediyo ya kama tasha.

Da Koci ya tashi tafiya na karɓi lemarsa na ce zan taka masa. Sai da muka wuce shagon mai wanki na iya buɗe baki.

"Koci, lamba bakwai fa? Ba sa so?"

"Suna so," ya ce. "Kawo takardarka."

Ya san ba ni da ita. Ya dafa kafaɗata ya ce da ƙwallo kaɗai ake dubawa, da tuni na yi nisa. Na san lallashi yake yi, amma gara ma ya zage ni.

Daga ranar gidanmu ya koma na Auta. Umma ta fara ƙara masa ƙwai da safe, wai yana buƙatar jini. Baba ya ajiye ɗinkin mutane ya ɗinka masa gajerun wanduna biyu. In yana karatun jarrabawar Turancin sai a ce kowa ya rage murya. Duk wannan na shanye. Abin da ya fi ci mini rai ƙarami ne. A da, in Auta ya wuce, cewa ake ga ƙanin Guguwa. Wata rana na je sayen ƙusa, sai na ji mai shagon yana gaya wa yaronsa ya sallami yayan Auta. Na biya kuɗi na fito, ƙusoshin ma na manta su a kan kanta.

Ban nuna ba. Na yi dariya inda ake dariya, na ce amin inda ake addu'a. Ranar jarrabawar ma ni na ari babur ɗin Oga na kai shi, na jira shi awa uku a ƙarƙashin wata bishiya. Da ya fito ya ce yana jin ya ci, na buga masa baya na ce ai dama. Muna hanyar dawowa yana riƙe da rigata, ina ji kamar in taka burki da ƙarfi.

Ya ci jarrabawar. Saura bidiyo. Na farko wani ɗan ƙungiyar ne ya ɗauka daga bakin layi, aka tura, suka dawo da shi. Suka ce ba abin da ake gani sai ƙeyar 'yan kallo da ƙafafu. A sake, daga wuri mai tsayi, daidai tsakiyar fili, kuma kwana goma suka bayar.

Filinmu na wata makarantar firamare ne, kuma abu ɗaya ne mai tsayi a wurin: tankin ruwan makarantar, a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, tsayinsa ya kai bene mai hawa biyu. Tsaninsa ya yi tsatsa, matakai uku sun cire. Koci ya kalle shi ya ce shi yana da iyali. Sauran yaran kowa ya kawo uzuri.

Ina wanke but ɗina a bakin famfo Auta ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya jima yana wasa da kumfar sabulu kafin ya yi magana.

"Yaya, kai kaɗai ne ba ka jin jiri. Kuma kai kaɗai ka san inda ƙwallo za ta je."

Wasan na 'yan ƙasa da shekara ashirin ne, dama ba zan buga ba. Na ce masa ba damuwa. Ya yi murmushi, ya karɓi ɗayan takalmin ya taya ni wankewa.

Ranar wasan, Asabar da la'asar, hadari ya haɗo amma bai zubar ba, sai iska. Koci ya aro wayar matarsa, don tata ta fi kyamara mai kyau, ya miƙo mini yana jan kunnena cewa in ta faɗi, ni da shi duka mu nemi wurin kwana. Na sa ta a aljihu, na ɗauki salatif da tsinken roba na kama tsani.

A kan tsanin dabarar ta zo mini. Ba zan ƙi ɗauka ba, ba zan girgiza hannu ba, don za a gane. Zan ɗauka daidai yadda aka ce, daga sama, amma ba zan taɓa jawo hoton kusa ba. Zan bar filin gaba ɗaya a cikin gilashi, daga raga zuwa raga. A tunanina mutanen can irin abin da muke kallo a waya suke so, fuska da ƙafa da yanka. In suka ga mutum ashirin da biyu kamar kiyashi a kan faranti, wa zai tsaya neman wani lamba shida da ba ya gudu? Kuma ba wanda zai ce na yi laifi. Daga sama suka ce.

Na ɗaure wayar a jikin ƙarfen, na matsa kusa da ita don in riƙa gani, na danna. Rafali ya busa usur.

A saman nan ba kowa sai ni da iska. Ƙasa ana ta ihu, amma ihun daga nesa yake zuwa. Ban san lokacin da bakina ya fara aiki ba. Na yi magana, na yi ta yi, kamar yadda nake yi a kan rufin mutane, kuma abin da wata biyu nake haɗiyewa shi ya riƙa fitowa. Minti na talatin da takwas wani dogon ɗan bayan ɗaya ƙungiyar ya shigo wa Auta da ƙafa biyu. Auta ya faɗi ya riƙe gwiwa, bai motsa ba. Koci ya ruga cikin fili. Na faɗi wata magana a lokacin, iska ta ɗauke ta, ko haka na zata. Can sai Auta ya miƙe yana ɗingishi, ya taka, ya taka, ya ci gaba da wasa. Aka tashi ɗaya da nema, namu suka ci.

Da na sauko Koci ya karɓi wayar ya duba a tsakiyar hayaniya. Ya ɓata fuska ya ce yaran sun yi ƙanana. Na ce ai su suka ce daga sama. Lokaci ya ƙure, ba halin sakewa, ya wuce shagon intanet ya tura shi yadda yake. Auta ya rungume ni da zufarsa ya ce na gode, Yaya. Na dawo gida da wani irin daɗi mai ɗaci.

Sati uku bayan haka Koci ya sake zuwa, wannan karon ko sallama bai ƙarasa ba. Sun ɗauke shi. Ya tsaya a tsakiyar falo ya karanta saƙon yana fassarawa. Mai horarwar can ya ce bidiyo sama da ɗari ya kalla, wannan ne kaɗai ya nuna masa abin da lamba shida ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Ya ce ya ƙirga sau goma sha huɗu da yaron ya toshe hanya tun kafin a yi tunanin bi ta wurin. A ƙarshe ya ce a gode wa wanda ya ɗauki hoton, don a bayyane yake mutumin ya san ƙwallo.

Masu magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni ne na ɗauko takin a ka, na hau da shi har saman tanki.

Umma ta kama kaina da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka. Baba kuwa ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da rabona da shi tun ranar da na ajiye jakar makaranta. Ya ce ashe hawan rufin nan ma yana da rana. Koci ya ce daga yanzu duk yaron da za a nema wa irin wannan hanya, ni zan riƙa ɗauka. Kwana tara na yi a cikin wannan. Har na fara gaya wa kaina cewa wataƙila da gangan na yi, wataƙila can cikin zuciyata alheri na nufa. Kishin bai tafi ba, amma ya samu inda zai kwanta, tunda ko ba komai da hannuna aka tafi.

Baba ne ya ce yana so ya ga wasan da idonsa. Ranar Lahadi da rana aka taru a falo. Koci ya zo da bidiyon a filas. Oga ya zo, don ya ce yaronsa ne ya yi aikin. Yayarmu ta zo da mijinta. Umma ta dafa shayi. Ni na durƙusa na soka filas ɗin a bayan talabijin, ni na haɗa sifikun, ni na ƙara murya har sai da na ji ta cika ɗakin, sannan na miƙa wa Baba rimot na koma jikin bango. Abin da kawai nake jira shi ne a yi ƙorafin ba a gane fuskar kowa.

Da farko kukan iska ne. Sai usur, can nesa. Sai wata murya ta fito, kusa, ta fi komai ƙarfi, kamar mai ita yana zaune a tsakaninmu.

"To, ga ɗan ƙasar waje nan. Gudu kamar mai ɗauke da buhun siminti."

Falon ya fashe da dariya. Oga har da buga cinya, ya ce ai ya gaya musu, rediyo ya kama tasha. Auta ma dariya yake, yana nuna ni da yatsa. Ni kuwa ban yi dariya ba. Tazarar bakina da wayar nan ba ta kai kamu ɗaya ba, minti casa'in, kuma ko sau ɗaya ban tuna tana da kunne ba. Koci a hayaniyar fili ya duba, mutanen can kuwa ba sa jin Hausa. Yau ne karon farko da aka saurara.

Muryar ta yi wa rafali ba'a, aka ƙara dariya. Ta yi shiru. Sannan ta dawo a hankali.

"Ni na koya maka wannan. Ni. Ka faɗa musu mana."

Dariyar ta ragu. Mijin yayarmu ya ajiye kofinsa.

"Takarda. Takardar ce za ta buga musu ƙwallon?" Iska ta yi ta kaɗawa. "Ba ma za su gan ka ba. Ga ka nan kamar kiyashi. Haka zan bar ka har a tashi."

Na taso na nufi bayan talabijin zan zare kebul. Baba bai ko juyo ba.

"Bar shi," ya ce.

Na koma jikin bango. Ban taɓa sanin minti talatin da takwas na da tsawo haka ba, ko a aji. Ba kullum muryar ke magana ba, kuma shirun ya fi maganar wuya, don kowa jira yake. A gilashi ƙananan mutane na kai da kawowa, ba mai kallonsu. Muryar ta yi zancen ƙwan da ake ƙara masa. Ta yi zancen wanduna biyu. Ta kwaikwayi yadda mai shagon ƙusa ya ce yayan Auta. Umma ta sa bakin mayafinta ta rufe baki. Na san abin da ke tafe, ina kallon lambobin agogo a ƙasan hoton suna matsowa, ba yadda zan yi.

Dogon ɗan bayan ya shigo. Ɗigon da ke Auta ya faɗi. A falon har Koci sai da ya runtse ido, ko da ya san yaron ya tashi. Muryar ta yi ƙasa sosai, irin ta mai roƙo.

"Kar ka tashi. Ya Allah, kar ya tashi. Wata shida kawai."

Baba ya kashe talabijin.

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage ni. Umma ta shiga kicin, muka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Koci ya zare filas ɗinsa ya sa a aljihu. Oga ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Auta yana zaune inda yake a ƙasa, hannunsa a kan gwiwar. Ya ɗago ya kalle ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne.

"Wata shida ya isa su ɗauki wani, ko Yaya?" ya ce. "Lissafinka daidai ne."

Baki shi ke yanka wuya, ana faɗa ina ji tun ina yaro. Ban taɓa zaton ni zan haɗa masa sifiku ba.

Da baƙi suka watse Baba ya ce in cire sifikun daga falonsa. Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, har yau.

Sati shida suka rage kafin tafiyar, kuma ɗakinmu ɗaya da Auta, katifa biyu, tsakaninsu taku ɗaya. Bai daina gaishe ni ba. Kullum da safe zai ce ina kwana, Yaya, in zai fita ya ce sai na dawo. Amma ya daina aron rigata, ya daina tambayata yadda zai yi da ɗan gaba mai ƙafar hagu, in ya dawo atisaye ya daina ba ni labari. Sau biyu na ba shi haƙuri. Sau biyun ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa ya sa sakata.

Labarin bai tsaya a falo ba. Na je fili sau ɗaya, ina ɗaure igiyar takalmi na ji wani daga baya ya ce a rage murya, rediyo ya iso. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Na kwance igiyar na tafi.

Wata rana da aiki ya yi sauƙi na je wurin mai shagon intanet na roƙe shi ya zuba mini bidiyon a wayata. Na zauna a bayan shagon Oga, tsakanin kwalayen batura, na sa abin kunne na fara daga inda Baba ya kashe. Ina so in san iyakar munin abin.

Bayan Auta ya miƙe, muryar ta yi shiru har aka tafi hutun rabin lokaci. Da aka dawo sai na ji ta ce, "Hagu, Auta. Duba hagunka." Jim kaɗan ta ce, "Yauwa." Sai, "Kar ka bi shi, tsaya, zai kawo maka da kansa." Haka ta yi ta yi har usur ɗin ƙarshe, minti arba'in da biyar, kamar muna bayan gida da duwatsunmu. Sau ɗaya ta sake zagin takarda. Da aka ci ƙwallon ta yi wata 'yar dariya. Ban tuna na faɗi ko ɗaya daga ciki ba, kamar yadda ban tuna da yawa daga na farkon ba. Na cire abin kunnen na zauna. Duka biyun muryata ce, ba wadda zan ce ta wani ce.

Na yi tunanin in yanko rabin na biyu in tura wa Auta. Har na buɗe inda ake yankawa. Sai na ga in na yi haka, ƙarya ce zan ƙara a kan ta farko. Na sayi filas na zuba duka casa'in ɗin, ba yanka, ba gyara. Ranar da yake haɗa kaya, da ya fita alwala, na cusa shi cikin but ɗinsa na hagu.

Da safe suka tafi filin jirgi a motar mijin yayarmu. Baba a gaba, Umma da Koci da Auta a baya. Ba wanda ya ce kar in je, kujera ce babu. Na ɗauki jakar na kai but ɗin mota. Auta ya miƙo mini hannu muka gaisa, irin gaisuwar da ake yi da 'yan ɗaya ƙungiyar bayan an tashi wasa. Ya ce in kula da su Umma. Motar ta juya ta wajen shagon mai wanki, na koma na ɗauki jakar kayan aikina.

Wata bakwai ke nan yanzu. Bai taɓa ambaton filas ɗin ba. Ban sani ba ko ya kalla ya wuce minti talatin da takwas, ko ya ga abin da ke ciki ya jefa a kwandon shara. Yakan turo wa Umma bidiyon wasanninsu, ita kuma ba ta iya buɗewa sai ta miƙo mini wayar ba tare da ta kalle ni ba. Filinsu kore ne shar kamar darduma, ga kujerun 'yan kallo, ga fitilu, ga likita a gefen layi da jakarsa. Ba zan yi ƙarya ba, duk lokacin da na gani kishin nan yakan taso kamar ranar farko. Gefen daman filin nake fara dubawa. Wanda ke sa musu lamba bakwai bai kai ni ba, ko kusa. Auta kuma har yanzu yakan makara wajen duba hagunsa. Sau da yawa na rubuta masa haka a waya, in goge.

Jiya a kan wani rufi, ina jiran Oga ya turo mini kebul, na zauna na ƙirga abin da ya tafi. Riga mai lamba bakwai, Koci ya ba wani yaro. Sunan Guguwa, ba mai kira na da shi. Aikin ɗaukar bidiyon da aka yi mini alkawari, wani ake koya wa hawan tankin. Sifiku biyu, suna ƙarƙashin gadona. Kallon da Baba ya yi mini ta saman tabarau, kwana tara ya yi. Sai ƙane ɗaya, shi kaɗai gare ni.